Rahila, Ki Gwada Bindigar Kafin Ki Saya

Manassas, Virginia

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata takardar nan ta same ki kin sauke kaya, kin huce gajiyar hanya, kin fara gane kan garin da kika je. Allah da ya fitar da ke daga gidan nan lafiya ya riƙe ki a can Texas, ya tsare ki a ɗaki da kan titi da wurin aiki, ya haɗa ki da mutanen kirki. Mamanki tana gaishe ki, ko da yake na san kullum kuna tare a waya.

Za ki ga rubutun manya-manya ne kamar na ɗan aji ɗaya, layi yana hawa yana gangarowa. Ki yi haƙuri da shi. Mamanki ta ce in faɗa ta buga mini a kwamfuta, na ƙi. Da Hausa kuma na rubuta, don Turancina na asibiti ne, na "kwanta nan, riƙe numfashi", ba ya iya ɗaukar abin da ke cikina. Kin gama firamare a Jos kafin mu zo, na san za ki iya karantawa. Inda kika cije, ki tambayi mamanki.

A bakinta na ji cewa kina shirin sayen bindigarki ta kanki, irin mai tsadar nan ta 'yan gasar harbin faifan yumɓu, ki huta da harbi da ta aro. Ba ki gaya mini ba, kuma ban ga laifinki ba. Da can ni ne farkon wanda za ki tasa gaba da maganar, har in gaji. Ba ki nemi shawarata ba, na sani. Amma a duniyar nan ban san wani abu da na biya tsadarsa kamar wannan ba, kuma ba ni da wanda zan bar wa sai ke. In kin ga dama ki ɗauka, in kin ga dama ki ninke ki ajiye.

Kin san ban tashi da son bindiga ba, duk da kakanki maharbi ne. Abin da muka gani a Jos ya sa ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai in zabura. Wani abokin aikina ne a ɗakin hoton ƙashi ya ja ni filin harbi wata Asabar, na bi shi don kunya kawai. Aka cillo faifan nan mai ruwan lemo, ya tashi kamar kurciya, na ja kunama ina runtse ido, sai na ga ya zama hayaƙi a sama. Ba jini, ba kuka, ba gudu. Ranar ce na fara jin ƙarar bindiga ban tuna kowa da aka binne ba. Daga nan abin ya shiga jinina, daga baya ya shiga naki.

Kuskurena na farko shi ne cinikin biri a sama. Na ga wata bindiga a intanet, wani ya taɓa amfani da ita amma ƙirar Italiya ce, mai baki biyu ɗaya bisa ɗaya, an zana mata tsuntsaye a jikin ƙarfe, itacen ƙotarta yana sheƙi kamar an shafa masa zuma. Na yi makonni ina kallon hotonta lokacin hutun cin abinci. Ban taɓa ɗora ta a kafaɗa ba, ban san wanda aka sassaƙa wa ita ba. Na biya, aka aiko ta shagon dillali, na je na cika takardu na ɗauko ina jin kamar na auro sarauniya. Ashe wani dogon Bature mai dogon wuya aka yi wa ita. Ni kuwa kin san ni, gajere, ga faɗin fuska. Duk harbin da na yi sai ƙotar ta nushe ni a kumatu. Na dawo gida fuska a kumbure, mamanki tana shirin fita aiki, ta tsaya da jaka a hannu.

Ta ce, "Bitrus, wa ya mare ka?"

Na ce, "Ba kowa."

Ta ce, "Au, amaryar taka ce? Tun ba a je ko'ina ba?"

Dariya ta yi, amma ni na ji ta har ƙashi. Na yi shekara guda ina harbi da ita ina cewa hannuna ne bai faɗa ba, don ba na so in yarda na yi wauta. Abin takaicin, na san gaskiyar tun ina yaro. Na ga lokacin da maƙeri zai yi wa kakanki sabuwar bindigar toka, sai da ya ɗauki kara ya auna shi daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya sa shi ya ɗaga tsohuwar ya sauke, yana kallon inda kuncinsa ke kwanciya, sannan ya taɓa itace. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba. Ni da takarduna na sayi hoto.

Saboda haka, 'yata, kada sunan kamfani ko zanen ƙarfe ya ɗauke miki hankali. Bindigar harbin faifai takalmi ce, ƙafar da za ta sa ita ke faɗin gaskiya. Ke ma naki ya fi nawa wuya, don yawancinsu jikin namiji aka duba aka yi su. Wuyanki dogo ne irin na mamanki, hannunki ƙarami. Kina buƙatar ƙota mai tudu inda kunci ke kwanciya, gajera, mai mariƙin da yatsanki zai kai kunama ba tare da kin miƙe shi ba. Akwai waɗanda ake ƙerawa don mata. Ki tambaye su da baki, ba kowane shago ke fito da su gaba ba.

Na biyu kuwa kunya ce da girman kai suka haɗu suka cuce ni. A kulob ɗin da nake zuwa, yawancin Asabar ni kaɗai ne baƙar fata. Ba wanda ya taɓa gaya mini baƙar magana, gaskiya, amma ni na riga na gaya wa kaina a madadinsu. In an tashi cin abinci sai in koma mota in ci nawa. Kin san Mista Wolta, dattijon nan mai hular kaki da ke kiran ki "ƙaramar mai gida". Tun kafin ki fara bina, shi ne ya lura da kumatuna. Ya zo ya miƙo mini tasa a buɗe, ba harsashi a ciki, yadda ƙa'idar fili ta ce, ya ce, "Wannan ta hannunka ba taka ba ce, ɗauki tawa ka harba ka ji." Na ce na gode, tawa ta ishe ni. Wani makon ya sake, na sake ƙi. A raina ina cewa, in na ƙarce masa ita da me zan biya, kuma kada a ce Ba'afirken nan ya zo da roƙo. Sai da muka saba ya gaya mini cewa shi kansa sai da ya harba ta mutane da yawa kafin ya zaɓi tasa, kuma haka kowa ke yi, ba abin kunya ba ne. Masu bindigogin nan masu tsada, ba abin da suke so kamar a tambaye su labarinta.

To ga inda za ki nema, tunda ni sai da na sha wahala na sani. Wurin farko shi ne hannun mutanen da kike harbi tare da su. Ki yaba, ki tambaya, yawanci kafin ki rufe baki an miƙo miki. In an ba ki, ki cire zobe, ki tambayi irin harsashin da mai ita yake so a sa mata, ki saya da kanki, kada ki rufe ta da ƙarfi, ki mayar masa a buɗe kina riƙe da hannu biyu. Bayan wannan, manyan filayen harbi da ke da shago a ciki sukan ajiye na gwaji da ake haya. Ki buga waya kafin ki tashi, ki ji waɗanne ne a ƙasa ranar, kada ki yi tuƙin rabin yini a ce wani ya fita da ita, kamar yadda aka yi mana a Pennsylvania, kin tuna, muka dawo da gyaɗa kawai. Sannan duk inda ake babbar gasa, kamfanoni sukan kafa rumfuna su kawo kayansu a gwada, ko ba ki shiga gasar ba ki je. Texas kuwa an ce nan ne gidan abin. Akwai kuma masu awo, waɗanda ke da bindiga ta musamman da ake matsar da ƙotarta sama da ƙasa har ta zauna a jikin mutum, su rubuta miki awonki kamar tela. In da zan koma baya, wajensu zan fara zuwa kafin in kalli ko da hoto ɗaya. Matambayi ba ya ɓata. Ni na ƙi tambaya, na ɓata a fili tsakar rana.

Da na koyi tambaya kuma sai na faɗa wani ramin. Ashe gwadawa ma sai an iya. Na je wata ranar gwaji can gabashin Maryland, bayan an haye doguwar gadar nan. Lokacin zafi ne, ina sanye da 'yar riga mara nauyi. Mai sayarwa ya ba ni wata, ya kai ni inda faifan ke tahowa a hankali kamar ana miƙo maka tuwo. Na fasa na farko, na fasa na biyu, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, kamar don kai aka yi ta." Harbin da na yi bai cika tafin hannu biyu ba. Kaina ya kumbura, na ba su ta Italiya na cika, na ɗauko wannan. Da sanyi ya shigo na sa jaket, sai ta zama doguwa, tana maƙalewa a hammata. In na yi harbi mai yawa kuma nauyinta sai ya rinjayi hannuna na hagu. Ba ƙarya mutumin ya yi mini ba, aikinsa yake yi. Ni ne na je neman yabo na samu.

Ke in za ki gwada, ki sa kayan da kike gasa da su. Ki harba har ki gaji, don bindiga sai an gaji take nuna halinta. Ki ce a kai ki wurin faifan da ya fi ba ki wuya, ba wanda kike fasawa ko da barci ba. Ki rufe ido ki ɗaga ta zuwa kunci, sannan ki buɗe ki ga ko idonki ya zauna daidai bisa bakin. In sai kin gyara wuya, ba taki ba ce. Ki harbi allon ƙarfe ki ga inda take zuba harsashi. Kada ki gwada da yawa a rana ɗaya, kafaɗa tana ruɗewa. Ki je da wanda ba zai ci riba ba ko kin saya ko kin fasa. Kuma ko ta yi miki daɗi kamar me, ki koma gida ki kwana, ki dawo wata ranar. Wadda ba za ta jira ki mako ɗaya ba, ki bar ta.

Wani ɗan abu kafin in manta. Dokar ɗaukar bindiga a mota tana canzawa daga jiha zuwa jiha. Wata rana ina dawowa daga Maryland taswirar waya ta bi da ni ta tsakiyar Washington, inda dokar bindiga ke da tsanani, sai da na ga manyan gine-ginen nan na tuna abin da ke but ɗin motata. Ba wanda ya tsayar da ni, amma na jiƙe da gumi har kujera. Ki san hanyarki kafin ki tashi, ki san dokar inda za ki ratsa. A fitar da harsashi, a kulle ta a akwatinta, a ajiye a baya. In ɗan sanda ya tsayar da ke, hannu bisa sitiyari, ki gaya masa da baki kafin ki motsa. Ke baƙar mace ce mai bindiga a mota. Kofin da kika ci ba ya rubuce a goshinki.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye tun farkon takardar nan.

Kin san lokacin da faifan da ke fitowa ta dama ya fara kuɓuce mini. Da farko ɗaya-ɗaya. Daga baya sai in kira a saki, in ji ƙarar inji, in tsaya ina jira, faifai ya riga ya wuce rabin fili kafin ya bayyana a gabana kamar daga ƙasa ya tsiro. Na ce bindiga ce. Na ce bakinta ya yi nauyi, ba ta juyawa da sauri. Daga nan muka shiga yawon da ya ci mana kusan shekara biyu. Kowace Asabar in tashe ki, mu kama hanya, yau kudancin Virginia, gobe West Virginia, jibi Pennsylvania, duk inda na ji ana ba da ta gwaji. Ke ce mai riƙe maɓallin sakin faifai, ke ce mai karɓar tuƙi in na ce na gaji. Lokacin kina tashenki, kocinki yana kira yana cewa kada ki rasa gasar kaza, ke kuma ki ce masa babanki yana buƙatar ki. Na ji kina faɗa a waya, na yi kamar ban ji ba. Shekarun da ya kamata in tsaya a bayanki ina riƙe miki jaka, ke kika tsaya a bayana.

Na bar jaki ina dukan taiki, kuma can ƙasan raina na sani. Ina buge kofi a tebur. Na goge madubin mota a jikin gareji na ce iska ce. Asibitin ido yana hawa ɗaya a saman ɗakin da nake aiki, lif ɗaya muke shiga da likitocinsa, muna gaisawa. Ban taɓa danna lambar hawan ba. Gara in yi tuƙi zuwa wata jiha in ji an ce gwada wannan, da in hau bene ɗaya in ji abin da nake tsoro. Muddin akwai sauran bindigar da ban gwada ba, to akwai sauran abin da zan ɗora wa laifi.

Sai ranar nan a filin da ke bayan tsaunuka. Na san ba ki manta ba, amma ina so ki ji na faɗe ta da bakina yadda ta faru, ba yadda na yi ta gyara ta ba. Na kuskure faifai a jere, mutane suna jira a bayanmu. Kika matso kusa da ni, kika yi magana da Hausa, ke da tun da muka zo ƙasar nan da Turanci kike amsa mana. Kin zaɓi Hausa don kada kowa ya ji, don ki rufa mini asiri.

Kika ce, "Dadi, ba bindiga ba ce. Idonka ne. Don Allah mu je a duba."

Ni kuwa na amsa miki da Turanci, da ƙarfi, don kowa ya ji. Na ce ke ce ba ki iya danna maɓalli a kan lokaci ba. Na ce tunda kin ci 'yan kofuna kin ɗauka kin fi ubanki. Na ce in kin gaji da bina ki faɗa, ba sai kin ƙirƙiro mini ciwo ba. Kika ajiye maɓallin a kan benci a hankali, kika tafi mota. Haka muka dawo Manassas. Ba ki sake bina ba. Na kuma bar abin haka, ina jiran ke ki zo ki ba ni haƙuri.

Akwai abin da ba ki sani ba, don na roƙi mamanki kada ta gaya miki. Kin ɗauka ni na ga dama na je wurin likita. Ba haka ba ne. Watanni bayan wannan, ina kulob ɗinmu, na harba ɗaya, ɗayan bakin da sauran harsashi a ciki. Raina a ɓace, na juyo ban buɗe ta ba, abin da ko sabon shiga ba ya yi. Mista Wolta yana tsaye a damana. Ban gan shi ba, Rahila. Sai da na ji bakin bindigar ya tokari wani abu mai taushi. Ƙirjinsa ne. Yatsana yana kusa da kunama. Ya sa tafin hannu ya ɗaga bakin sama a hankali, ya ce, "Bitrus, buɗe ta." Na buɗe. Ya karɓa, ya zare harsashin ya sa a aljihunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tun ɗazu nake nan ina yi maka magana. Ba ka gan ni ba, ko?" Na zauna a ƙasa a wurin. Ran Litinin shi ya zo har gida ya sa ni a motarsa ya kai ni.

Likitar ta daɗe tana kallon hoton kafin ta juyo. Ta ce ruwan cikin idon ne ya yi ta hawa yana danne jijiya har ta mutu, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Na dama ya tafi, saura ɗan haske. Na hagu ma ya kamu. Na tambaye ta, da na zo tun farko fa? Ta ce, da wataƙila maganin ɗigawa kawai zai riƙe shi shekaru masu yawa. Maganin ɗigawa, Rahila. Ɗan kwalba kamar yatsa.

Ta tambaye ni ko akwai wanda ya makance a gidanmu. Sai na tuna kakanki. Ya rasa idonsa tun da sauran ƙarfinsa, a ƙauye aka ce alhakin namun daji ne, wasu suka ce jifa aka yi masa. Muka yarda, muka yi ta addu'a. Ashe gado ne yake bin jini, kuma likitar ta ce mu baƙaƙe ya fi kama mu da wuri, ba ya ciwo, ba ya sallama, ta gefe yake fara ci. Wannan jinin yana jikinki. Don haka in za ki watsar da duk abin da na rubuta, ki riƙe wannan ɗaya: kafin ki taka kowane filin gwaji, ki je a auna miki ruwan ido, a duba jijiyar, ki gaya musu ubanki da kakanki. Ki riƙa komawa duk shekara ko kina gani kamar shaho. Kuma duk ranar da faifai ya fara ɓace miki ta gefe ɗaya, kada ki je shago. In wani mai ƙaunarki ya gaya miki abin da ba ki so ji, ki dubi wahalar da ya sha kafin ya buɗe baki.

Ba zan ɓoye miki yadda nake ba. An karɓe lasin tuƙi. Aiki ya ƙare, don ba a ba makaho hoton ƙashin mutane. An yi aikin ido na hagu, sun ce don a rage masa gudu ne, ba don a tsayar da shi ba. Yanzu duniya kamar ta cikin bututu nake leƙenta, kuma bututun yana matsewa. Mamanki tana dawowa daga dogon shif na aiki ta tarar da ni inda ta bar ni. Mutanen coci suna zuwa, suna cewa Allah zai yi, ina cewa amin. Ina gaskata Allah, amma ban ƙara sa ran ido ba. Abin da ya fi ci mini rai ba duhun ba ne. Sanin cewa da hannuna na saye shi, kuma na haɗa da shekarunki na biya.

Likitar gida ta tambaye ni ko akwai bindiga a gidan, ta kuma tambayi irin tunanin da nake yi. Na gane dalilin tambayar. Wannan karon ban yi ƙarya ba. Na gaya mata akwai safiyar da nake farkawa in ji haushin na farka. A ranar mamanki ta karɓi makullin akwatin, Mista Wolta ya zo aka bi yadda doka ta ce, ya tafi da bindigar wurinsa. Ina zuwa wurin wata mai ba da shawara, Fasto ma yana zama da ni. Kada ki tsorata, kada kuma ki ajiye aikinki ki taho. Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin wani, kuma don ki san mai riƙe bindiga dole ya san ranar da zai miƙa makulli.

Bindigar tana nan wurinsa da sunanki in kina so. Amma kada ki ɗauke ta don tausayina. An yanke ƙotarta daidai jikina ne, ba naki ba. Ki gwada ta kamar yadda za ki gwada ta baƙo. In ba ta zauna miki ba, a sayar, ki cika ki sayi taki. Ba zan ji komai ba. Ban taɓa jin daɗinta ba ma.

Ki yafe mini, Rahila. Ba na cewa ki manta, ba kuma na cewa mu koma yadda muke, na san ruwan da ya zube ba ya kwasuwa. Gaskiya kika faɗa, da ladabi kika faɗe ta, ni na tozarta ki a gaban baƙi. Ya kamata in faɗi wannan kina gidan nan, muna haɗuwa a kicin kina ce mini "ina kwana" kina wucewa. Kullum sai in ce gobe.

Abu na ƙarshe. Ranar da za ki tafi, da muka fito rakiya, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon inda nake jin ƙarar motar. Sai da kika yi nisa mamanki ta ce mini, "Me ya sa ka yi mata haka?" Na ce me na yi? Ta ce kin sauke gilashi, kin tsaya a bakin titi kina ɗaga mini hannu, kin daɗe kina ɗagawa, kina jira, ni kuwa na kafe kamar gunki har kika gaji kika ja mota. Ta damana kika tsaya, 'yata. Ban gan ki ba. Kwana da kwanaki ina tunanin kin yi wannan doguwar tafiya kina ɗauka share ki na yi. Da na gani, da na ɗaga hannu biyu.

In Allah ya kai mu Kirsimeti kika sami hutu, ki zo. Likita ba ta yi mini alkawarin abin da zai rage zuwa lokacin ba. In kin shigo ki tsaya ta haguna, kusa, inda haske yake.

Ubangiji ya tsare ki daga mugun ji da mugun gani. Ya kiyaye idonki da hannunki da zuciyarki. Ya kai ki filin harbi lafiya ya dawo da ke lafiya, ke da duk wanda ke tsaye kusa da ke. Ya ba ki abokan da za su gaya miki gaskiya, ya ba ki kunnen da ubanki ya rasa. Salamar Allah ta zauna tare da ke a inda ba zan iya zuwa ba. Amin.

Ni ne babanki,
Bitrus